TAKI BIYU: TARIHIN AWON ARZIKI A ƘASAR KANO

Gabatarwa

Kafin in shiga cikin magana, ya kamata in faɗi dalilin da ya sa ni, ɗalibin Hausa, na tsoma baki a zancen da a ƙa'ida na masana tattalin arziki ne da masana labarin ƙasa. Kalma ɗaya ce tak ta jawo ni.

A hutun da ya wuce na je ƙauyenmu da ke gabas da birnin Kano, da niyyar tattara kalmomin noma daga bakin tsofaffi. Na iske kakana a gona da hantsi, ana tsakiyar bazara, yana barbaza taki. Bayan mun gaisa na buɗe littafina na ce, "Kaka, wannan gona taku eka nawa ce?" Sai ya dogara da sandarsa ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ashe kai ma malamin taki ne?" Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Taki biyu ne a ƙasar nan. Akwai wanda jaki yake kawowa, akwai kuma wanda Bature ya kawo. Na jaki shi yake ciyar da gona, na Bature kuwa gona ce take ciyar da shi."

Daga baya na fahimci cewa taki na farko shi ne wanda kowa ya sani, watau kashin dabbobi da toka da shara. Na biyu kuwa takin ƙafa ne, wanda aka riƙa auna gonaki da shi a farkon mulkin Turawa don a yanka wa manomi haraji. Tun daga ranar nake ta juya wata tambaya a raina: da wane mudu ya kamata a auna al'umma kafin a ce ta iya sarrafa ƙasa da ruwa da itatuwan da Allah ya ba ta? Da yawan abin da ta ciro daga ƙasa, ko kuwa da irin jin daɗin da mutanenta suka samu, tare da abin da ta bar wa na baya? A wannan maƙala zan bi tarihin mudun nan a karkarar Kano tun kafin zuwan Turawa, sa'an nan in kwatanta shi da mudun da masanan duniya suka ƙirƙiro a zamaninmu.

Mudun Kakanni

A watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Kano. Ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, kuma sukan ninka haka a lokacin da fatake suka cika gari. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a wasu ƙasashe sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Har ila yau ya ce magidanci da iyalinsa suna iya zama cikin rufin asiri, ci da sha da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. Idan muka raba lissafi na farko da na biyu, za mu ga cewa kuɗin tufafi kaɗai ya isa ya riƙe gida 5,000. Abin lura a nan shi ne, baƙon bai tsaya ga yawan kuɗin da ya shigo ba, sai da ya tambayi abin da kuɗin yake saya wa iyali.

To, yaya aka yi ƙasa mai jigawa, wadda ruwan samanta bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba, ta ɗauki wannan taron jama'a? A wurare da yawa na ƙasar Hausa, idan gona ta gaji akan bar ta ta zama saura, a sari sabon daji. Amma a kewayen Kano mutane sun yi yawa, ba dajin da za a sara, saboda haka tilas gona ɗaya ta yi ta haihuwa shekara da shekaru. Dabarar da manoma suka yi ita ce, duk abin da aka ɗauka daga gona sai an nemi hanyar da zai koma mata.

Da rani jakuna suna shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Bayan girbi manomi yakan roƙi Bafillace ya sauka a gonarsa, shanu su ci ragowar kara, su bar masa taki. A kunya ɗaya akan haɗa gero da dawa da wake, domin in ɗaya ya ƙi wani ya yi, ga shi kuma wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Harawar wake akan ɗaure ta a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, a ciyar da awaki da tumaki, waɗanda da damina suke ɗaure a turke, takinsu yana taruwa wuri ɗaya. Kara ya zama darni, in ya tsufa ya zama makamashi, tokarsa ta koma gona. Itatuwa kuwa, irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da rimi, kowanne da mai shi, ba mai sa masa gatari sai da dalili. Gawo ya fi su duka daraja wurin manomi, domin yakan kaɗe ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci. Ko a cikin birni haka abin yake: katsin da aka kwashe daga karofi akan haɗa shi da gashin jima da dafara a yi laso, a shafe soraye.

Mutanen da suke zaune haka suna da nasu awon. Manomi yana ƙirga amfaninsa da dami, uwargida tana auna na tuwo da mudu ko tiya, rumbu kuwa shi ne baitulmalin gida. Ba a cewa shekara ta yi kyau sai hatsin bana ya ga na baɗi, iri yana nan ba a taɓa shi ba, an fitar da zakka, an kuma sami abin kai wa biki da abin ba maƙwabci rance. Ita kanta zakka tana da hikima a awonta, domin amfanin da ruwan sama ya shayar akan fitar masa da ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuwa rabin haka. Watau shari'a ba ta dubi tsibin hatsi kawai ba, ta dubi abin da aka kashe kafin a same shi.

Sai dai kada son zuciya ya sa mu mai da jiya aljanna. Wani sashe na wannan arziki da guminsa na bayi ne, waɗanda suke noma a rinjin sarakuna da attajirai. Barth ɗin nan ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara suna iya kai 5,000. Agana da ƙyanda suna kwashe yara, yunwa kuma takan zo in fari ko fara suka sauka. Mudun kakanni ya san haƙƙin gona, amma bai auna kowane ɗan Adam daidai da ɗan'uwansa ba.

Takin Bature

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Sun tarar da haraji iri-iri, kamar kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da jangali, suka ga sun yi musu yawan rassa. Cikin shekarun da suka biyo baya sai suka shigo da awon gona a gundumomin da ke kewaye da birni. Aka horar da ma'aikata da ake kira malaman taki, su bi gona da ƙafa suna ƙirga tsawo da faɗi, a rubuta a littafi, a yanka wa mai ita kuɗi gwargwadon girmanta. Kakana ya ce mahaifinsa ya ba shi labarin cewa takin malamin yakan gajarce ko ya ƙara tsawo gwargwadon kazar da aka kai masauki. Ko da a ce ba a yi wannan ha'inci ba, awon yana da makanta tun daga tushe. Gonar da aka yi shekara 20 ana zuba mata taki, da wadda aka ci amanarta har ta kusa zama faƙo, in faɗinsu ɗaya, to a littafi ɗaya suke. Ba gurbin gawo a littafin, ba gurbin rumbu, ba gurbin yawan bakin da gonar take ciyarwa.

Bugu da ƙari, harajin nan da kuɗin Bature ake biyansa, wuri ya daina aiki. Saboda haka dole manomi ya shuka abin da zai sayar. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, ana iya cinta in an matsu, harawarta kuma abincin dabbobi ce. Nan da nan tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa.

Ba a daɗe ba aka gwada sabon mudun. Daminar 1913 ta ƙi, a 1914 aka shiga yunwar da a wurare da dama ake kira Kakalaba, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu a ƙasar Kano da arewacinta. Wani masani mai suna Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan tarihin yunwa a Nijeriya ta Arewa, ya nuna cewa fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, abin da ya sake shi ne ƙarfin talaka na jure masa. Harajin kuɗi wanda ba ya sassautawa yadda ya kamata ranar da damina ta ƙi, ya sa manomi sayar da hatsi da kaka lokacin da yake da araha, ya dawo yana saye da bazara lokacin da ya yi tsada. Ta haka rumbun ajiya ya yi ta ramewa alhali littafin baitulmali yana ƙiba.

Daga nan aka shiga zamanin dalar gyaɗa. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shahara da sayenta, aka riƙa jera dubban buhuna kamar duwatsu, har hotonsu ya zama tambarin arzikin Arewa. Tun daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce take yanka farashi, takan biya manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Gaskiya ne an yi hanyoyi da makarantu da wani sashe na rarar nan, ba za mu hana ta ladanta ba. Amma Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsawon dalar gyaɗa yana nuna abin da ya bar ƙasa ne, bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya saura a tukunyar wanda ya noma ta ba. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sa'an nan a 1975 wata annoba da darɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗa, ga kuma kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, sai dalar ta narke kamar ba a taɓa yinta ba.

Abin da Masu Bincike Suka Gano

A daidai lokacin da dalar take tashe, wasu masana sun fara auna ƙasar Kano da wani mudu dabam. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun farkon shekarun 1960. A lokacin an lissafa mutum fiye da miliyan 2 a yankin da kowace murabba'in kilomita take ɗauke da mutum sama da 140. Bisa ra'ayin da ya yi ƙarfi a wancan zamani, irin wannan cunkoso ƙarshensa shi ne ƙasa ta mutu, itatuwa su ƙare, hamada ta shigo. Mortimore da abokan aikinsa suka yi shekaru suna komawa ƙauyukan, suna ƙirga itatuwa, suna gwada ƙasa. Abin da suka samu ya saɓa wa zato: jama'a ta ƙaru ƙwarai, amma itatuwan gona ba su ragu ba, ƙarfin ƙasa kuma, ko da yake ba mai yawa ba ne, bai rushe ba. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa tana auna abin da yake shiga gona da abin da yake fita, ta nuna cewa harawa da takin awaki da tumaki, har da ƙurar hunturu da iska take saukewa, su ne suke mayar wa ƙasa yawancin abin da shuka ta zuƙe. A taƙaice, ilmin zamani ya auna takin jaki ya same shi da nauyi.

Misali na biyu na ruwa ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, don a shayar da gonakin Kadawa da kewaye. A 1992 aka gama ta Challawa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani ya ga shinkafa da tumatir da alkama, ya san aikin ya ciyar da mutane da yawa. Amma ruwan da aka tare a sama, da can shi ne yake malala kowace shekara a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda masunta suke kamun kifi, makiyaya suke kiwo, manoma suke shuka shinkafa in ruwa ya zo, su shuka wake da sauransu in ya janye. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokansa suka yi wata tambaya mai sauƙi: in aka ɗauki ruwa daidai wa daida, ina ya fi haifar da amfani? Da suka haɗa kifi da itace da amfanin gona na fadama, suka tarar abin da ma'aunin ruwa ɗaya yake samarwa a can ya ninka na gonakin ban-ruwa sau da yawa. Dalilin da ya sa ba a ga haka tun farko ba shi ne, kifin da masunci ya ci da iyalinsa da ciyawar da saniya ta ci ba sa shiga littafin kowa.

Mudun Duniya

Wannan makanta ba a Kano kaɗai take ba. Mudun da gwamnatocin duniya suka fi dogara da shi shi ne jimlar kuɗin duk abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda ake taƙaita sunansa da GDP. Ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa, Simon Kuznets, tun a rahoton da ya miƙa wa majalisar Amurka a 1934 ya yi gargaɗi cewa da wuya a gane jin daɗin jama'a daga wannan lissafi. Ba a saurare shi ba. A wannan mudu, in aka sare kurmi aka sayar da katako, ƙasa ta ci gaba. Rijiyar da ta ƙafe saboda saran ba ta da gurbi. Mu ma mun ga misali a gida: a watan Afrilu na 2014 aka sabunta hanyar lissafin Nijeriya, jimlar ta tashi zuwa wajen dala biliyan 510, muka wayi gari mu ne kan gaba a Afirka, alhali ba tukunyar da ta ƙara nama a wannan dare. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sannu a hankali masana suka fara neman gyara. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan muhalli a Istokholm. A 1987 kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta Norwe ta shugabanta ya bayyana cewa ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda yake biyan bukatar mutanen yau ba tare da ya tauye na gobe ba, abin da Bahaushe ya daɗe da dunƙulewa da cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. A 1990 Mahbub ul Haq na Pakistan, tare da Amartya Sen na Indiya, suka fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda ya haɗa tsawon rai da ilmi da abin shiga aljihu. Wannan ya dubi mutum, amma bai tambayi abin da aka ci na ƙasa ba.

Wannan gibi shi William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel suka nemi cikewa a Kanada a farkon shekarun 1990, da abin da suka kira sawun ɗan Adam. Sukan lissafa faɗin gona da makiyaya da daji da ruwan da ake bukata don a samar wa mutum ɗaya abin da yake ci da sawa da ƙonawa, a kuma shanye hayaƙin da yake fitarwa. Da na karanta wannan sai na tuna da malaman taki. Ga awon ƙafa ya dawo, sai dai wannan karon ba gonar manomi ake takawa ba, cikin mai ci ake aunawa. Bisa lissafin shekarun nan, in aka raba ƙasa mai amfani ga dukan mutanen duniya, kowa zai sami wajen hekta 1.6. Ba'amurke yana cin wajen hekta 8, ɗan Nijeriya wajen 1. Duniya gaba ɗaya kuwa tana cin fiye da abin da ƙasa take iya mayarwa, har aka lissafa cewa a 2023 an cinye rabon shekarar tun ran 2 ga Agusta. A harshen ƙauye, an fara cin iri.

A 2006 wata cibiya a Landan mai suna New Economics Foundation ta haɗa mudun biyu wuri ɗaya. Ta ɗauki tsawon ran mutanen ƙasa da yadda su da bakinsu suka ce suna jin daɗin zamansu, ta raba da girman sawunsu. A jerin farko tsibiran Banuwatu ne suka zo na ɗaya, a 2009 da 2012 da 2016 kuma Kosta Rika, ƙaramar ƙasar da ta rushe rundunar sojanta tun 1948 ta mai da hankali ga asibiti da makaranta, har mutanenta suke kai shekarun Amurkawa a duniya da sawun da bai kai rabin nasu ba. Duk da haka, wani bincike da aka yi a Jami'ar Leeds a 2018 kan ƙasashe wajen 150 ya nuna cewa ba ƙasa ko ɗaya da ta biya wa mutanenta dukan bukatun rayuwa ba tare da ta wuce rabonta na albarkatun duniya ba.

Ina Muka Tsaya?

A nan ne nake so 'yan'uwana ɗalibai mu yi hattara. Mai karatu zai iya cewa, tun da sawunmu ƙarami ne, ashe mu ne gwanaye. Ko kusa. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023, tsawon ran ɗan Nijeriya bai wuce shekara 54 da 'yan kai ba, yana cikin mafi gajarta a duniya. Wanda ya kwana da yunwa ba tsimi ya yi ba, rashi ne ya same shi. Matar da ta rasu wurin haihuwa don ba motar kai ta asibiti, ba a ce ta rage wa duniya hayaƙi ba. Gwaninta ita ce a sami tsawon rai da lafiya da ilmi da kwanciyar hankali, a kuma bar ƙasa da ranta. In ɗaya ya faɗi, mudun ya zube.

Kuma ko ɗan abin da muka gada yana zamewa daga hannunmu. A ƙauyenmu na ga gonakin da aka yanka filaye aka kafa musu duwatsu. Sharar birni da ake kawowa yanzu a mota rabinta leda ce, sai an tsince kafin a barbaza, akuyar da ta haɗiye ta kuma sai wuƙa. Gonar da kakana ya gada ita kaɗai, in an raba ta tsakanin jikokinsa, wani ba zai sami inda zai shimfiɗa tabarma ba. Dabarar kakanni ta riƙe ƙasa, amma ita kaɗai ba za ta ɗauki yawanmu na yau ba, sai an haɗa ta da ingantaccen iri da takin zamani daidai gwargwado da sana'o'in da ba na gona ba.

Saboda haka, a ɗan ƙaramin tunanina, duk aikin da aka zo mana da shi da sunan ci gaba, ko madatsar ruwa ce ko masana'anta ko sabuwar unguwa, ya kamata mu yi masa tambaya huɗu. Me ya ci na ƙasa da ruwa da itace? Wa ya ƙoshi da shi, wa kuma aka hana? Me ya mayar wa ƙasar? Shekara 30 nan gaba, jikokinmu za su iya yin irinsa a wurin, ko kuwa kufai za su tarar?

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa kowane mudu yana auna abin da mai shi yake so ne. Malamin taki haraji yake nema, ya ga faɗin gona. Ɗan kasuwa riba yake nema, ya ga tsawon dala. Manomi kuwa da yake a nan zai mutu, a nan 'ya'yansa za su zauna, shi ya ga rumbu da gawo da iri. Masanan duniya sun yi fiye da shekara 70 daga gargaɗin Kuznets kafin su ƙera mudun da ya haɗa jin daɗin mutum da haƙƙin ƙasa, kuma har yanzu ba shi gwamnatoci suke ɗauka in za su kasa kuɗi ba.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu aiki a nan. Ilmin da ya riƙe ƙasar Kano yana cikin kalmomi ne, irin su saura da faƙo da jigawa da dami da harawa da katsi, kuma tsofaffin da suka san bambancinsu suna ƙarewa. In ba mu rubuta su ba, mu kuma fassara sabon ilmin awo zuwa harshen da manomi yake ji, to za a ci gaba da auna shi da mudun da bai san yadda aka sassaƙa ba.

Ranar da zan dawo makaranta na sake ce wa kakana har yanzu bai faɗa mini girman gonar ba. Ya ce, "Rubuta a littafinka: ta ci da ubana, ta ci da ni, ta biya kuɗin makarantar ubanka, kuma bana ma na zuba mata mangala 40." Na rubuta kamar yadda ya faɗa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a. Amin. Wassalam.